Yadda Ɗaurin Jego Ya Raba Ni da 'Yan Matana

Assalamu alaikum. A shekarun da nake son ba ku labarinsu, ni malamar motsa jiki ce a wani kwaleji da ke gefen Birni, a nan Damagaram. Na haura talatin, ina da miji da 'ya'ya uku, kuma duk lakwal ɗin, wato makarantar, ni kaɗai ce macen da ke sa wandon wasa a ƙarƙashin doguwar riga ta rataya usur a wuya. Lafiya kuwa har ta yi mini yawa. Ban san ciwon kai ba, ban san kwanciyar rana ba, kuma ina cikin mutanen nan masu ban haushi waɗanda idan ka ce musu bayanka na ciwo sai su ce maka rashin motsi ne. Baki ma Allah ya ba ni. Babu direktan da ya zo ya tafi ban yi musu da shi ba, babu uban da ya taɓa kayar da ni a magana a zaurensa. Na faɗi wannan ne don ku san irin matar da ta kasa furta kalma guda a lokacin da kalmar za ta cece ta, abin da har gobe in na tuna nake jin kamar in mari kaina.

Bayan 'ya'yana, abin da na fi ji da shi a duniya shi ne ƙungiyar ƙwallon hannu ta 'yan mata da na kafa. Wanda bai san garinmu ba ba zai gane wahalar da ke cikin wannan ba. Sai da na bi lungunan Birni gida-gida, yashi na cika mini takalmi, ina durƙusa wa iyaye. Kusan kowane uba magana ɗaya yake yi mini, wai tsalle da guje-guje suna girgiza cikin 'ya mace su sauko mata da mahaifa, gobe ta yi aure a rasa haihuwa. Ni kuma sai in nuna kaina in ce ga ni nan, tun ina yarinya nake tsalle, na haifi uku lafiya lau. Da wannan hujjar na ci su, da kuma sharaɗi guda da suka gindaya, cewa mace ce za ta riƙa tsaya wa yaran a fili, ranar da namiji ya karɓi usur, ranar 'ya'yansu za su daina. Na yarda har da dariyata, don ban ga abin da zai raba ni da filin ba. A cikin yaran akwai wata doguwa, ɗiyar wani baduku, mai tsaron raga, wadda ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Ita ce kapiten ɗinsu, kuma a shekarar da ke tafe nake sa ran kai su gasar makarantu ta jaha.

Ana gab da bakansi, wato hutun ƙarshen shekara, ciki ya murɗe ni ina tsakiyar girki. Na ɗauka abin da na ci ne, na sha kanwa, na sha jiƙo, cikin sai kumbura yake yi, ba gaba ba baya. Ko da aka kai ni asibiti, likita ya ce hanji ne ya naɗe, wani yanki ma ya riga ya mutu. Aka shiga da ni aiki. Da na farfaɗo na tarar an fito mini da bakin hanji ta gefen hagu na cikina, ja wur, an manna masa wata jakar roba wadda su ma'aikatan ke ce wa posh. A cikinta bayan gida zai riƙa taruwa daga ranar, ba da izinina ba, ba da sanina ba. Ba zan ɓata muku lokaci da kukan da na sha ba. Na yi shi, na gaji, na share ido, don likita ya ce mini mutane da yawa suna aikinsu da ita, har masu gudu akwai. Kalmar gudun nan kaɗai na riƙe, sauran bayanin duk ya bi iska.

Majo ɗin ɗakinmu, wato shugabar ma'aikatan jinya, wata dattijuwa ce mai faɗa amma mai hannu mai sanyi. Ita ta koya mini canza jakar da wanke fatar da ke kewaye da ita. Ranar sallama ta zaunar da ni ta ce in fara da tafiya sannu-sannu, kada in ɗaga abu mai nauyi, kuma in nemi ɗamara mai faɗi mai laushi wadda za ta tallafe jakar. Ta nanata cewa tallafewa ta ce, ba matsewa ba. Na yi ta cewa to, hankalina na kan ƙofa. Maigidana ya zaga farmasin garin nan kaf. Wasu ba su taɓa jin sunan abin ba, wani ya miƙo masa ɗamarar masu ciwon baya mai ƙarafa a ciki, wani ya ce sai dai a aiko daga Yamai ko Kano. Muka ce za a aika, aka yi ta za a aika. Ni kuwa a gida jakar ta hana ni sakat. In na yi taku kaɗan sai ta riƙa lilo tana jan fata, zufar damina ta kwance mannin, in na sa riga kuma in ga kamar duk unguwa na kallon tudun da ta yi. Macen da ke zaga fili ba ta haki, ga ta tana tafiya a tsakar gida hannu ɗaya dafe da ciki kamar wadda ta sato kaza.

Masu zuwa dubiya kuma suka ƙara mini. Ban san garin nan na cike da likitoci ba sai da na kwanta. Wata ta ce a yanko robar cikin tayar moto, wai ita ce ba ta saki. Wani ɗan'uwan maigida ya ce shi zai kai awon ƙuguna wurin dukawa su yi mini ɗamarar fata irin ta 'yan kokawa, har da wurin sa laya. Wata maƙwabciya ta ce in daina cin komai sai koko, jakar za ta gaji ta bar cika. Duk waɗannan na iya da su. Wasu na yi musu dariya, wasu na ba su amsar da ba su sake dawowa da shawara ba. A cikin 'yan dubiyar har da direktanmu, mutumin kirki amma wanda ba ya iya ɓoye magana. Bayan ya gama addu'a ya ce mini gaskiya in aka koma lakwal ban iya tsayawa a fili ba, dole ya ba malami namiji azuzuwana, ni kuma a ba ni zaman biro, wato ofis. Ya san sharaɗin iyaye, ni ma na sani. Wato tsakanina da rushewar aikin shekaru, watannin damina ne kawai. Daga ranar ba abin da nake tunani sai yadda zan hana jakar nan motsi in samu in gudu.

Ana cikin haka Inna ta iso daga ƙauyenmu, can wajen Dogo, da ƙullin kayanta a ka. A nan sai na yi ɗan bayani, don ni ce ɗiyarta ta fari, kuma a wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Inna ba ta kiran sunana, ba ta zama tabarma ɗaya da ni, in za ta yi mini magana sai ta kalli bango, ko ta ce wa ƙanwata, wadda ke zaune a gidana, a gaya wa waccan. Kakata ce ta raine ni, kuma duk haihuwata uku gwaggota ce ta yi mini zaman jego, don Inna ba za ta iya ba. To wannan karon kaka ta rasu, gwaggo ta tsufa, kuma labari ya je ƙauye cewa an farke mini ciki. Sai Inna ta bar gonarta a tsakiyar noma, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zo ta ce ita za ta yi jinya. Da na gan ta a bakin ƙofar ɗakina na rasa inda zan sa idona, ita ma haka.

A wurin Inna ciki ciki ne. Wanda aka buɗe da wuƙa da wanda ya buɗe don haihuwa duk maganinsu ɗaya, ruwan zafi da ɗauri. Washegari ta ɗora tukunya da ganyen dogon yaro za ta yi mini wankan jego. Wannan kam na tsira, don maigida ya tura ƙanwata ta ce likita ya yi rantsuwa ruwan zafi zai narkar da jakar. Inna ta sauke tukunyar, amma na ga fuskarta. Sai ta kwance ƙullinta ta fito da wani zanen saƙi baƙi mai kauri, wanda da shi ake ɗaure cikin duk matan gidanmu bayan haihuwa. Ta ce wa bango, cikin da aka buɗe in ba a ɗaure shi ba iska ke shiga, ya saki ya zama tumbi har abada. Na riga na ƙi mata ɗaya, ina zan samu bakin ƙin na biyu? Ta naɗa zanen a kan jakar da komai, ta tokare ƙuguna da gwiwa ta ja, ta sake ja, ta ƙulle a gefe. Sai da numfashina ya tsaya a maƙogwaro.

Kada in ɗora wa tsohuwa laifi ita kaɗai. Da na miƙe, abin ya burge ni. Ciki ya shafe, tudun ya ɓace, jakar ta daina lilo, na taka har zaure na dawo hannuwana biyu a sake. Na ce a raina ashe abin da ake ta cewa sai Kano ga shi nan a ƙullin Inna. Maganar majo ta faɗo mini a rai, na kore ta, na ce ai ita ba ta taɓa gudu ba. Sannan akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Kowace safiya Inna tana durƙusawa a gabana, hannunta mai kanta irin ta riƙon fartanya yana zagaya jikina, ina jin numfashinta a kusa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin hannun uwata a jikina ba sai a kan wannan zane. Matar aure mai 'ya'ya uku, amma nake ɗokin safiya kamar yarinya. Wallahi ko igiyar rijiya ta zo da ita, da na tsaya ta ɗaure.

Na fara fita tafiyar safe, daga nan na fara sassarfa, ana ta mamakin yadda na warware da wuri. A ƙarƙashin zanen kuwa labarin daban ne. Jakar da aka matse ba ta da wurin cika, abin da ya fito sai ya rasa hanya ya kurɗa ƙarƙashin manni, ya kwanta a kan fata yini guda cikin zufa. Fatar ta yi ja, ta fara saluɓewa, tana raɗaɗi kamar an barbaɗa barkono. Bakin hanjin da majo ta ce kullum in ga yana ja ya fara duhu, yana tsattsafo da jini inda zanen ke gurzarsa. Ciki na murɗa ta bayan kowane abinci, sujada ma sai da dabara. Maimakon in kwance, sai na rage cin abinci don kada komai ya fito. Ku ji wauta, ni da na karanta jikin ɗan Adam nake koya wa yara. Ranar komawa asibiti kuma sai in kwance zanen a zaure in ba ƙanwata ta ɓoye. Majo ta duba, ta ɓata rai, ta tambaye ni me nake sawa a wurin. Na dube ta ban ko ƙifta ba na ce zufa ce kawai.

Maigida ne ya fara cewa abin nan ba lafiya, don shi ke taya ni canza jakar, ya ga abin da ke ƙasa. Ya ce in gaya wa Inna ta daina. Na ce shi ya gaya mata. Ya ce yaushe ya taɓa ɗaga ido ya kalli surukarsa, ballantana ya yi mata maganar cikin ɗiyarta. Gaskiyarsa ce, mutumin da in ya ji motsinta a tsakar gida sai ya bi ta bayan ɗaki ya fita. Muka yi ta tura wa juna, daga ƙarshe muka tura ƙanwata. Ita kuma don kada ran Inna ya ɓaci sai ta yi ta rage wa saƙon kaifi a hanya, ko da ya isa kunnen Inna ya zama wai Yaya ta ce ɗaurin yana ɗan damun ta. Inna ta ce ta gane, kwancewa yake yi da rana. Washegari ta ƙara ninki ɗaya ta ja fiye da kullum, ni kuma na tsaya kamar turmi na bar ta. Gida cike da manya masu hankali, kowa na kunyar kowa, ni ina ruɓewa a tsakiyarsu.

Ana saura 'yan kwanaki a koma lakwal, direkta ya aiko cewa wasu iyaye suna tambaya, zai yi kyau in zo in tara yaran su gan ni a tsaye. Da safe na tsaya gaban Inna, kuma ni da bakina, ina kallon bango irin nata, na ce yau a ja sosai. Ta ja. Da na isa fili na tarar 'yan ƙungiyata sun hallara, wasu iyaye maza na zaune a inuwar katanga, har da badukun nan uban kapiten. Yaran suka rufe ni da murna, wannan ta riƙe hannu, waccan ta ce na rame amma na yi kyau. Muka zaga fili ina jin wani abu na suka ta a gefen hagu, na cije. Da na tsaya a nan da na tsira. Amma na ga idon iyayen a kaina, sai na ce wa kapiten ta shiga raga zan nuna jifa da tsalle. Na ruga, na tashi sama, na saki ƙwallon. Har yau ban san ko ta shiga ba. Abin da na sani, wani abu ya yage a cikina, jakar ta fashe a ƙarƙashin zanen, na faɗi a kan yashi, ɗumi na bin ƙafata, jini da abin da ya fi jini ban kunya. Kapiten ce ta yaye mayafinta ta rufe ni, ta daka wa sauran tsawa su kewaye ni su juya baya.

A asibiti majo ta sa almakashi ta yanka zanen, don ƙullin ya ƙi kwancewa. Ba ta yi mini faɗa ba, kallo ɗaya ta yi mini, kuma da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Likita ya ce bakin hanjin ya ƙuje ya kumbura, fatar ta zama gyambo, sannan saboda na yi ta gudu da tsalle tun naman ciki bai haɗe ba, hanji ya turo ta gefen ramin da aka fito da bakinsa ya yi ƙullutu. Ba gudu, ba tsalle, ba ɗaukar ko bokitin ruwa, sai bayan watanni masu yawa. Majo ta kwashi guntayen zanen ta fita baranda inda Inna ke zaune, ina jiyo su ta taga. Ta yi mata bayani a hankali cikin ladabi, tana ce mata Iya. Sai na ji Inna ta ce, "Ni abin da na sani ke nan, 'yar nan, da shi aka ɗaure ni. Kullum ina ja ina sauraro ko za ta ce wash. Ba ta taɓa cewa ba. Da ta ce, ai da hannuna ya saki." Na juya fuskata na yi kuka, kukan tausayinta da kukan haushin kaina a haɗe.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Kafin a sallame ni labari ya gama Birni, kuma ba labarin zane ba ne, don ba wanda ya san da zane. Abin da iyaye suka gani da idonsu shi ne madam ta yi tsalle cikinta ya fashe. Shi ke nan. Jikin nan nawa da na yi shekaru ina yawo da shi gida-gida a matsayin hujja, shi ya juya ya zama hujjarsu. Wasu ma suka ce dama tun farko tsallen ne ya naɗe mini hanji. Direkta ya ba malami namiji usur, kuma ba a ko tsaya jayayya kan sharaɗin ba, don kafin ya fito fili an riga an janye yaran. Na tura maigida wajen wasu iyayen ya yi musu bayanin zane da jaka, suka karɓe shi da shayi da mutunci, suka ce Allah ya ba madam lafiya, su dai sun ga abin da suka gani. Da a ce ciwon ne ya raba ni da yaran, da na ce ƙaddara na yi shiru. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ni na kai kaina fili na ba su shaidar ƙarya da hannuna.

Wani abin haushin kuma, ɗamarar da ta dace ba wani abin a zo a gani ba ce. Majo ta nuna mini samfurinta, na kai wa wata tela a unguwarmu, ta ɗinka mini ta yau da kullum da yadi mai laushi mai talewa, mai faɗi daga ƙasan haƙarƙari zuwa ƙugu, da aljihu daga ciki inda jakar ke kwanciya ta cika abinta. Ta farko ta yi matsi muka watsar, ta biyu tana naɗewa in na zauna, sai a ta gaba muka dace. Majo ta ce in tafin hannuna bai shiga ƙarƙashinta cikin sauƙi ba to ta yi matsi, in kuma na cire da yamma na ga shaida a fata, a sake wata. Na sa aka yi mini da yawa saboda canji, don zufar garin nan ba ta barin abu ya kwana biyu a jiki. Ta motsa jiki kuma daban take, ta fi ƙarfi, tana da rami daidai jakar, ita ke tare ƙullutun. Ita wannan, likita ne ya gwada ni ina kwance aka aiko da ita daga Kano, kuma aikawar da muka yi damina guda muna ja wa rai ba ta ɗauki wani lokaci ba. Inna ta zauna har na warke. Ita ke wanke mini ɗamarun ta shanya, tana juya su tana taɓe baki, tana ce wa bango wannan ai ba ɗauri ba ne. Amma ba ta sake kai hannu jikina ba, har ta koma ƙauye.

Sai da shekara ta zagayo na koma fili. Yanzu ina gudu, ina tsalle daidai gwargwado, ba mai sanin akwai wani abu a ƙarƙashin rigata. Azuzuwana sun dawo hannuna, amma ƙungiya babu, kuma yaran nan sun gama kwaleji ba su taɓa taka gasar ba. Kwanakin baya ina koya wa ƙananan aji, ƙwallo ta tsallake katanga ta faɗa hanya, na fita ɗauko ta, daidai lokacin kapiten ɗina na wucewa da ledar cefane. Da hannu ɗaya ta cafe ta, ba ta ko duba ba. Na tsaya daga nesa ina jiran jifan nan da na sani. Ta waiwaya hagu da dama, ta ga mutane zaune a bakin wani shago, sai ta tako a hankali ta miƙo mini ita, ta rusuna ta ce, "Madam, ya ƙarfin jiki?" Na ce da sauƙi. Ta gyara mayafi ta wuce.

To masu karatu, duk wanda Allah ya jarraba da jakar nan, mace ko namiji, ina roƙon sa ya ji ni. Wannan ba cikin jego ba ne, kuma ba ƙugun ɗan kokawa ba ne. Abin da za ka ɗaura aikinsa ya tallafe, ba ya matse ba, kuma wanda zai ce maka ya yi ko bai yi ba shi ne ma'aikacin asibitin da ke duba ka, ba mai zuwa dubiya ba. Kada ka yi masa ƙarya, shi ba a gabansa za ka ji kunya ba. Kada ka yi gaggawar komawa aikin ƙarfi don wani ya ba ka wa'adi, ni dai na ga yadda sauri ke haihuwar nawa. Ku kuma 'yan'uwa masu jinya, Allah ya saka muku, amma ku tambayi mara lafiya da baki, kada ku jira ya yi ƙara, don wani ƙauna ce ke toshe masa baki. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine mu, kuma ban ce kowa ya yi wa uwarsa rashin ladabi ba. Amma ciwo in yana ci, a faɗa, ko da bango za a kalla a faɗa. Ni fatata ta warke, Inna ta yafe mini na yafe mata ba tare da ɗayanmu ya furta ba. Wash ɗin nan guda da na haɗiye don kada in ɓata wa mutum ɗaya rai, 'yan matan da ba su ji ba ba su gani ba ne suka ɗauki nauyinsa, kuma ban san shekarar da wani uba a Birni zai sake ba ni ɗiyarsa ba.